Koyon injiniyancin sufuri a kan kwamfuta a Damagaram: tambayoyi da amsoshi

Duk shekara, da zarar an fara darussan aikin hannu a fannin hanyoyi da zirga-zirga, tambayoyi iri ɗaya ne ke biyo ni har bakin ƙofa. Wasu daga ɗalibai suke fitowa, wasu daga abokan aiki masu son ɗaukar darussan su koyar a ajinsu. Na tattaro waɗanda aka fi maimaitawa, na amsa su yadda nake amsawa a aji.

Malam, mene ne ainihin abin da ke cikin darussan nan?

Ayyuka ne da ɗalibi zai yi da hannunsa, kowane da takardar bayani, da fayilolin farawa, da tambayoyin da zai amsa a rahotonsa. Akwai ƙirgar ababen hawa da sarrafa alƙaluman a Excel ko LibreOffice Calc. Akwai zana hanyoyin unguwa a QGIS, manhajar zana taswira. Akwai gina mahaɗar hanya a SUMO, manhajar da ke kwaikwayon zirga-zirgar motoci, a ga yadda cunkoso ke haɗuwa da yadda yake watsewa, sai lissafin lokutan danja, sai kuma lissafin ɓarnar da nauyin manyan motoci ke yi wa kwalta. Dukkan misalan daga garin nan ne da hanyoyin da suka ratsa shi: RN1 wadda ta taso daga Yamai ta bi Dosso da Maraɗi ta wuce Diffa, da RN11 wadda ta gangaro daga Agadas ta Tanut ta nufi Magariya.

Ban taɓa rubuta umarnin kwamfuta ba. Zan iya?

Za ka iya. Rabin farko na darussan ba ya buƙatar komai sai linzamin kwamfuta da haƙuri. Python, wani harshen rubuta umarnin kwamfuta, na shigowa ne can gaba, layuka kaɗan, kuma an riga an rubuta maka su, kai dai canja lambobi za ka yi ka ga abin da zai faru.

Me ya sa ake tura mu bakin titi cikin rana mu ƙirga mota, alhali manhajar tana iya ƙirƙiro motocinta?

Tana iya ƙirƙirowa, gaskiya ne. A cikin SUMO akwai wani ɗan kayan aiki mai suna randomTrips wanda zai cika maka taswira da motoci cikin ƙiftawar ido, su yi ta kai da komo gwanin sha'awa. Sai dai motocin nan ba su san ranar Alhamis ake cin kasuwar Dole ba. Ba su san ana tashi daga masallacin Juma'a a lokaci guda ba, ba su san gaggawar da ake yi gab da shan ruwa a watan azumi ba, ba su taɓa haɗuwa da amalanken jaki ɗauke da jarkokin ruwa ba. Manhaja ba ta zauna a Damagaram ba. Abin da ka zuba mata shi za ta niƙa ta ba ka.

Na taɓa samun wani rukunin ɗalibai da suka kawo rahoto mai kyan gani, har da zane mai launi, suna cewa wata mahaɗa tana buƙatar a faɗaɗa ta saboda jerin gwanon motoci ya kai nesa. Na tambaye su ko sun taɓa ganin jerin nan da idonsu. Suka yi shiru. Mahaɗar da suke bi kullum ce zuwa makaranta, kuma babu wanda ya taɓa tsayuwar minti biyu a wurin. Manhajar ba ta yi musu ƙarya ba, su ne suka ba ta motocin wani gari. Tun daga ranar na mayar da ƙirgar bakin titi darasi na farko, kuma ba a kunna kwamfuta sai takardun ƙirga sun iso hannuna.

To yaya ake ƙirgar?

Mutum ɗaya, ɓangare ɗaya. Kada ka ce kai kaɗai za ka riƙe dukan mahaɗa, idanunka biyu ne. Kowa ya ɗauki hanyar da ke shigowa, ya raba takardarsa gida uku: masu miƙewa, masu karyawa dama, masu karyawa hagu. Kowane gida kuma a raba shi bisa irin abin hawa, wato babur, adaidaita, ƙaramar mota, kar, babbar mota, keke, amalanke. Duk minti 15 a ja layi a fara sabo. Masu tafiya a ƙasa da ke tsallakawa su ma a ba su nasu mai ƙirga.

Dalilin minti 15 shi ne awa guda tana ɓoye abubuwa. Ɗauki misali: ka samu 210, 260, 300, 230. Jimilla 1,000 ke nan a awa. Amma da a ce dukan awar ta yi kamar rubu'in da ya fi cika, da 1,200 za a samu. Raba 1,000 da 1,200, ka samu 0.83. Idan lambar nan ta kusa 1, zirga-zirgar a shimfiɗe take. Idan ta yi ƙasa, akwai wani ɗan lokaci da jama'a ke ɓarkowa gaba ɗaya, kamar tashin ƴan makaranta, kuma wannan ɗan lokacin shi ne ke gwada mahaɗa.

A ƙirga aƙalla rana biyu, ɗaya Alhamis ɗaya wata ranar daban. A rubuta yanayin gari a saman takarda, domin ranar hazo da ranar da aka kwana ana ruwa a watan Agusta ba ɗaya suke ba. Masu son yin amfani da waya suna iya shirya fom a KoboToolbox, manhajar tattara bayanai, amma ni na fi amincewa da fensir, don babura idan suka taho a dunƙule yatsa ba ya riskar su a kan gilashi.

Me ya sa SUMO? Mun ji ana cewa Vissim ake amfani da ita a manyan kamfanoni.

Haka ne, Vissim ta kamfanin PTV da ke Karlsruhe a Jamus manhaja ce mai kyau, kuma ofisoshin nazari da yawa a duniya da ita suke aiki. Amma ta kuɗi ce, kuma wadda ake ba ɗalibai tana da iyaka a girman taswira da tsawon lokacin kwaikwayo. SUMO kuwa cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus, DLR, ta fara gina ta tun 2001, kyauta ce, kuma a buɗe take, kowa na iya duba cikinta. Ɗalibi zai sa ta a kwamfutarsa, ya tafi da ita gida hutu, ya ci gaba da amfani da ita bayan ya gama karatu ba tare da ya nemi lasisin kowa ba.

Akwai kuma wani dalili na koyarwa. Fayilolin SUMO rubutu ne zalla, ana buɗe su a karanta. Ɗalibi zai ga da idonsa inda aka rubuta tsawon mota da ƙarfin birkinta. Wanda ya fahimci wannan, ranar da aka ajiye shi gaban Vissim sati biyu sun ishe shi ya saba da maɓallanta.

Kwamfutata tsohuwa ce, ga ɗauke wuta, ga tsadar intanet.

An tsara darussan da sanin haka. Mahaɗa ɗaya ko unguwa ɗaya ba ta wahalar da kwamfuta, ko mai ƙwaƙwalwar giga 4 tana ɗauka. Manhajojin da taswirori duk suna kan kile ta USB, a kwafa daga hannu zuwa hannu, bayan nan babu buƙatar intanet. Shawara ɗaya: ka riƙa adana aikinka duk bayan ƴan mintuna, ka kuma ajiye kwafi a wayarka. A watan Afrilu da Mayu kada a ɗora kwamfuta kan katifa, zafin garin kaɗai ya ishe ta.

Daga ina taswirar garin take fitowa, kuma za a iya dogara da ita?

Daga OpenStreetMap, taswirar da masu sa kai ke zanawa tun 2004. Manyan titunan Damagaram suna ciki. SUMO na da kayan aikin da ke juya taswirar zuwa hanyoyin da motoci za su bi, sannan a gyara da netedit, manhajar gyaran hanyoyi da ke zuwa tare da SUMO.

Gyaran nan shi ne rabin aikin. Wanda ya zana titi daga hoton tauraron ɗan Adam ba lallai ya san layi nawa ne ba, ko kwalta ce ko marmara ko rairayi. Idan ba a faɗa mata ba, manhajar za ta ɗauka faɗin kowane layi mita 3.2 ne, ta kuma ba shi gudun da ta ga dama. Ba ta san masu tebur sun cinye gefen titi ba, ko yashi ya rufe rabin layi. A lungunan Birni da na Zango akwai inda taswira ke nuna hanya, alhali ko adaidaita sai ta yi dabara. Don haka kowane rukuni zai ɗauki awon mita ya je ya auna, ya kuma bi hanyar da waya tana ɗaukar sawun GPS, a ɗora a QGIS a kwatanta. Wanda ya gano kuskure ya gyara shi a OpenStreetMap ɗin kanta yana da ƙarin maki a wurina.

Na sa babura, amma sai suka jeru ɗaya bayan ɗaya kamar motoci. Ina matsalar?

Wannan tambayar ita ce na fi so, domin wanda ya yi ta ya fara kallon allo da idon ɗan gari. A saitinta na asali, SUMO tana ɗauka kowane layi abin hawa ɗaya ne a faɗinsa, kowa na bin na gabansa. Ƙa'idar bin na gaba da take amfani da ita, ta Krauss, tana cewa direba zai riƙe gudun da zai ba shi damar tsayawa idan na gaba ya taka birki. Ƙaramar motarta mita 5 ce, tana barin tazarar mita 2.5 idan an tsaya, tana kuma barin kimanin daƙiƙa ɗaya tsakaninta da ta gaba idan ana tafiya. Direban Jamus ke nan.

Ɗan kabu-kabu kuwa idan ya ga mita 2.5 a gabansa, wurin mutum biyu ya gani. Yana kutsawa ta gefen mota, ya taru da ƴan uwansa a gaban layi, wuta na canjawa su tashi tare kamar fara. Idan ka bar saitin yadda yake, manhajar za ta nuna maka cunkoson da babu shi, domin ta ba kowane babur wurin mota guda.

Maganin yana da mataki biyu. Na farko, a kunna tsarin da ke yayyanka layi zuwa ƙananan zirara, ta yadda abubuwan hawa biyu ko uku za su iya jeruwa kafaɗa da kafaɗa. Ana yin haka da ba wa saitin faɗin zirin, wato lateral-resolution, wata ƙima da ba ta wuce faɗin babur ba, misali mita 0.8. Na biyu, a ƙirƙiri nau'in abin hawa na kabu-kabu, da na adaidaita, da na amalanke, kowane da tsawonsa da faɗinsa da gudunsa da tazarar da yake bari gaba da gefe. Waɗannan lambobin ba a littafi za ka same su ba. Ka ɗauki bidiyon minti goma daga wuri mai tudu, ka auna. Sannan ka riƙa juya lambobin har tsawon jerin da ke kan allo ya yi daidai da wanda ka gani a titi. Wannan juye-juyen yana cin sati guda, ɗalibai suna ƙorafi a kansa, kuma a nan ne ake zama injiniya.

Tunda manhaja na iya tsara danja, me ya sa ake sa mu lissafin hannu?

Don ka san lokacin da ta yi shirme. Lissafin Webster na 1958 bai wuce layi ɗaya ba: tsawon zagayen danja shi ne lokacin da ake asara sau 1.5, a ƙara 5, a raba da abin da ya rage idan an cire jimillar nauyin ɓangarori daga 1, nauyin ɓangare kuwa shi ne motocin da yake kawowa a raba da waɗanda layi ke iya fitarwa.

Ga misali. Mahaɗa mai zango biyu, wato ana ba ɓangarori biyu kore bi da bi, kowane zango ana asarar daƙiƙa 4 wajen tashi da tsayawa, jimilla 8. A ce layi na iya fitar da mota 1,800 a awa idan kore bai ɗauke ba. Ɓangare ɗaya na kawo 630, wato 0.35, ɗayan na kawo 450, wato 0.25. Jimilla 0.6. Sama: 8 sau 1.5 a ƙara 5, 17 ke nan. Ƙasa: 0.4. Amsa daƙiƙa 42.5, a ce 43. Cire 8 na asara, saura 35 na kore, a raba bisa nauyi: kimanin 20 da 15.

Yanzu ka ɗaga jimillar zuwa 0.85, zagayen zai haura daƙiƙa 113. Ka matsa kusa da 1, lissafin ya tashi sama babu iyaka, ma'ana babu wani tsarin wuta da zai ceci mahaɗar, sai dai a sake fasalinta. Wanda ya yi wannan da biro sau ɗaya ba zai yarda da kowace lamba da allo ya nuna masa ba. Ka lura kuma 1,800 ɗin nan na ƙananan motoci ne masu bin layi. A inda babura suka fi yawa sai ka auna naka: ka tsaya da agogo, ka ƙirga abin da ke wuce layin tsayawa daga kunnawar kore har jerin ya ƙare.

Ni da abokina fayil ɗaya muka kunna, sakamako ya bambanta.

Akwai ɗan caca a cikin halin direbobin manhajar, da gangan aka sa shi, kuma wata lamba da ake kira seed ce ke juya shi. Idan lambarku ɗaya ce da sigar manhaja ɗaya, sakamako zai zo ɗaya. A rahoto kuwa ba a karɓar kunnawa ɗaya. Ka kunna sau goma da lambobi daban-daban, ka kawo matsakaici da mafi ƙanƙanta da mafi girma.

Ni hanyoyi nake son ginawa, ba danja ba. Akwai nawa a ciki?

Akwai, kuma a wurinmu wataƙila shi ya fi muhimmanci. Damagaram mararraba ce. Babbar hanyar da ta ratsa Sahara daga Aljiyas zuwa Legas ta nan ta bi. Kano na kudu da mu kimanin kilomita 240, matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011 tana arewa a kan hanyar Tanut, tankoki na fita daga can dare da rana. Nauyi ne ke kashe kwaltarmu, ba yawan motoci ba.

Darasin ya dogara ne kan abin da aka gano a gwajin hanya na AASHO da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960: ɓarnar aksul, wato sandar da ke haɗa tayoyin mota, tana ƙaruwa kusan daidai da nauyinsa idan an ninka nauyin da kansa har sau huɗu. Idan nauyi ya ninka biyu, ɓarna ta ninka 16. A tsarin Faransa da muka gada, aksul mai tan 13 ne ma'auni. Wanda ya ɗauki tan 18 yana yin ɓarnar kusan 3.7 na ma'aunin, mai tan 20 kuwa 5.6. Ɗalibi zai zuba nauyin tireloli a Calc, ya mayar da kowace zuwa ma'auni, ya tara na shekara 15, sannan ya buɗe jadawalin littafin CEBTP, cibiyar nazarin gine-gine ta Faransa, na ƙasashe masu zafi, bugun 1984, inda aka kasa zirga-zirga daga T1 zuwa T5, ƙasar da za a shimfiɗa hanya a kai kuma daga S1 zuwa S5 bisa gwajin CBR mai auna ƙarfinta, ya zaɓi kaurin marmara da na kwalta. Daga nan sai ya sake lissafin da zaton kowace mota ta bi dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, mai lamba 14 ta 2005 da ta ƙayyade nauyin aksul. Bambancin da ke tsakanin amsoshin biyu yakan sa aji ya yi tsit.

Manhajojin lissafin hanya irin su Alizé da HDM-4 ina nuna su ne kawai a ga kamanninsu. Na kuɗi ne, kuma wanda bai yi lissafin Calc ba babu abin da zai gane a cikinsu.

Me ya kawo lissafin birki cikin darasin kwamfuta?

Saboda ƙauyukan bakin hanya. A ƙa'idar Amurka ana ba direba daƙiƙa 2.5 kafin ya taka birki. Mai gudun kilomita 60 a awa zai ci mita 42 kafin ƙafarsa ta taɓa birki, da wasu 41 kafin ya tsaya, kusan 85 gaba ɗaya. Mai gudun 100 yana buƙatar kusan mita 185. Ɗalibi zai ɗauki wani gari a kan hanyar Mirriya ko ta Takeita, ya auna a QGIS daga inda direba zai fara hango kasuwa ko makaranta, ya ga ko nisan ya kai.

Manhajar da Ingilishi take, mu kuma da Faransanci muka yi karatu.

Takardun bayani da Faransanci suke, da hoton kowane mataki. Kalmomin Ingilishin da za ka haɗu da su ba su da yawa, an jera su a shafi guda. A aji kuwa, idan abu ya cije, da Hausa muke warware shi, kuma na lura ɗalibin da ya iya bayyana wa ɗan kabu-kabu dalilin da ya sa aka ba wancan ɓangaren kore mai tsawo shi ne wanda ya fahimci darasin.

Ni malami ne. Yaya kuke hana kwafi, tunda fayil ne ake miƙawa?

Kowane rukuni da mahaɗarsa, don haka babu abin kwafa. Sannan rahoto rabin maki ne kawai. Sauran rabin a gaban kwamfuta ake samunsa: in zauna kusa da ɗalibi in ce ya ƙara babura kashi 20 cikin ɗari, amma kafin ya danna ya faɗa mini abin da yake zaton zai faru. Ko zatonsa bai yi daidai ba, idan ya iya bayyana dalilin saɓanin, ya ci. Rukuni kada ya wuce mutum huɗu, in ba haka ba ɗaya ne zai riƙe linzami sauran su zama ƴan kallo. Ɗalibai mata kuma a tabbata linzamin yana isa hannunsu, don na ga yadda ake tura musu rubutun rahoto kawai.

Ana iya ɗaukar darussan a canja su yadda aka ga dama. Abokin aiki a Maraɗi ko Tawa ya cire mahaɗunmu ya sa nasa, abin da aka gina su don shi ke nan.

Sai mun nemi izini kafin mu tsaya ƙirga ko ɗaukar bidiyo?

Ƙwarai. Ku karɓi takarda daga makaranta mai ɗauke da sunayenku da wurin da ranar, ku fara kai ta ga jami'an da ke tsaye a mahaɗar, ku gaishe su ku yi bayani. Kada a ɗauki hoto kusa da bariki ko wani ginin tsaro, ko da mahaɗar ta fi kowace daɗin nazari. Masu shaguna da ƴan tashar babura su ma a gaya musu abin da ake yi, don mutum da takarda da biro yana kallon babura yakan yi kama da mai karɓar haraji. Ku sa riga mai ɗaukar ido, ku tsaya bayan kwata ba kan kwalta ba, ku tafi da ruwan sha, kuma a canja mai ƙirga duk bayan awa ɗaya.